Daga Mai Ƙara Zuwa Mai Shaida: Tarihin Aikin Tsaya wa Wanda Aka Zalunta a Kotu

A kotunan manyan laifuka na Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai akwai wani ma'aikaci wanda ba alƙali ba ne, ba lauya ba ne, ba kuma ɗan sanda ba ne, amma yakan kasance tare da wanda aka yi wa laifi tun daga ranar da aka kai ƙara caji ofis har zuwa ranar yanke hukunci, wani lokaci ma har zuwa ranar da za a saki mai laifin daga gidan yari. Aikinsa shi ne ya fayyace wa mutumin da aka yi wa fashi ko fyaɗe, ko iyalan wanda aka kashe, yadda shari'a ke tafiya, ya sanar da su ranakun zama da abin da aka yanke kan beli, ya raka su asibiti da kotu, ya taimaka musu wajen cike takardun neman diyya, ya kuma isar da kokensu ga mai gabatar da ƙara, wato lauyan da ke tuhumar wanda ake zargi da sunan hukuma. Wannan sana'a ba ta wuce shekara 50 da 'yan kai da samun ofis da albashi ba, kuma ba za a fahimci dalilin ɓullarta ba sai an waiwayi wani sauyi da ya ɗauki ƙarnoni yana wakana, inda hukuma ta karɓe shari'ar laifi daga hannun wanda abin ya shafa, ta mai da shi mai shaida kawai a cikin maganar da asalinta tasa ce.

A Ingila ta dā, kisan kai da raunata mutum al'amura ne da ke tsakanin dangi da dangi. Dokokin Sarki Athelbert na Kent, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 600, kusan dukkansu jerin farashi ne da ke faɗin abin da za a biya idan an cire haƙori ko an yanke yatsa ko an kashe mutum, gwargwadon matsayinsa a cikin al'umma, kuma kuɗin ran mamaci danginsa ake bai wa. Bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066, musamman a zamanin Sarki Henry na Biyu a ƙarni na 12, sai ra'ayin cewa babban laifi keta zaman lafiyar sarki ne ya yi ƙarfi, wanda hakan ya sa dukiyar mai laifi ta koma baitulmalin sarki maimakon gidan wanda aka cuta. Abin ya zama kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi, kuma wannan ƙwace dukiya bai gushe daga dokar Ingila ba sai a 1870.

Duk da haka, sarki ya ɗauki ganimar ne ya bar wa talaka wahalar, domin har zuwa ƙarni na 19 wanda aka yi wa sata a Ingila shi ne ke neman ɓarawonsa, ya tara shaidu, ya biya kuɗin takardu, ya kuma tsaya gaban alƙali yana tuhuma. Tsadar wannan aiki ce ta sa 'yan kasuwa da manoma suka kafa ɗaruruwan ƙungiyoyin karo-karo, inda kowa ke zuba kuɗi domin a ɗauki nauyin shari'a idan an taɓa ɗayansu. Kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829 ya fara sauya lamarin, sannan dokar 1879 ta ƙirƙiri ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, kodayake sai a 1986 ne Ingila ta samu cikakkiyar hukumar gabatar da ƙara da ke rabe da 'yan sanda. Amurka ta riga ta a wannan, tun da yankin Connecticut ya naɗa lauyoyin hukuma a gundumominsa a 1704. Ba adalci ba ne a kwatanta wannan sauyi da fashi zalla, saboda tsohon tsarin ya fi amfanar mai dukiya, ya kuma buɗe ƙofar ramuwar gayya da cinikin shari'a, amma abin da ya haifar a ƙarshe shi ne wanda Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana a 1973, lokacin da ta yanke cewa ɗan ƙasa ba shi da wani haƙƙi da kotu ta sani a kan a tuhumi wani ko a ƙyale shi.

Masana da suka fara waiwayar wanda aka zalunta ba da tausayi suka zo ba. Hans von Hentig, Bajamushen da ya wallafa littafinsa kan mai laifi da wanda ya cuta a 1948, da Benjamin Mendelsohn, lauya ɗan Romaniya, sun fi damuwa da rawar da wanda aka yi wa laifi ke takawa wajen jawo wa kansa abin da ya same shi. Masanin laifuka Marvin Wolfgang ya bi diddigin kisan kai 588 a birnin Philadelphia, ya ce a kusan kashi 26 cikin 100 mamacin ne ya fara kai hannu, kuma da ɗalibinsa Menachem Amir ya ɗora wannan ma'auni kan fyaɗe a 1971, sai ya gamu da fushin mata masu fafutuka, waɗanda suka ga ilimi yana maimaita zargin da suke ji a bakin 'yan sanda. Ta wani ɓangare daban ne taimako ya fara zuwa. Margery Fry, Baturiyar Ingila da ta ƙare rayuwarta wajen neman gyaran gidajen yari, ta rubuta a 1957 cewa tun da hukuma ta hana mutane ɗaukar fansa, kuma yawancin masu laifi ba su da abin biya, to wajibi ne ita hukumar ta biya wanda aka raunata. Ba ta ga amfanin kiranta ba domin ta rasu a 1958, amma Niyu Zilan ta yi dokar biyan diyya daga asusun gwamnati a 1963, Birtaniya ta bi a 1964, jihar Kalifoniya kuma a 1965.

Kuɗi dai ba su raka kowa kotu, kuma mutanen da suka fara yin rakiyar sun fito ne daga gidaje biyu da ba su yarda da juna ba, wanda wannan saɓani na asali shi ne mabuɗin fahimtar sana'ar har yau. Gida na farko shi ne na mata masu fafutuka. A farkon shekarun 1970 aka buɗe cibiyoyin agajin waɗanda aka yi wa fyaɗe a yankin San Francisco da kuma birnin Washington, inda 'yan sa-kai ke amsa waya cikin dare, su je asibiti su zauna da matar da aka kawo, su tsaya kusa da ita yayin da ɗan sanda ke tambayarta irin tufafin da ta sa da kuma dalilin fitarta a wannan lokaci. A Landan kuwa Erin Pizzey ta buɗe gidan fakewa ga matan da mazajensu ke duka a unguwar Chiswick a 1971. Waɗannan mata ba su ɗauki kansu ma'aikatan shari'a ba, hasali ma kallon abokan gaba suke yi wa 'yan sanda da kotu, kuma ƙa'idarsu ita ce matar da abin ya shafa ita ke da zaɓin kai ƙara ko barinta. Binciken da Ann Burgess, malamar jinya, da Lynda Holmstrom, masaniyar zamantakewa, suka yi a asibitin birnin Boston suka wallafa a 1974 ya ba su hujjar ilimi, domin ya nuna cewa ruɗewa da mantuwa da jinkirin kai ƙara, waɗanda masu bincike ke ɗauka alamun ƙarya, alamu ne da aka saba gani ga wadda ta shiga firgici mai tsanani.

Gida na biyu shi ne ofishin mai gabatar da ƙara, kuma dalilinsa na ƙididdiga ne. Binciken jin ta bakin jama'a da aka fara a Amurka a tsakiyar shekarun 1960 ya nuna cewa laifuka masu ɗimbin yawa ba su kaiwa ga 'yan sanda ko kaɗan, sannan waɗanda suka kai kotu da yawa suna rushewa saboda shaidu sun daina zuwa. Wani mai bincike, Frank Cannavale, ya binciki irin waɗannan shari'o'i a Washington, ya gano cewa mutanen da aka rubuta a fayil cewa sun ƙi ba da haɗin kai galibi ba ƙi suka yi ba, sai dai an rubuta adireshinsu ba daidai ba, ko ba wanda ya faɗa musu ranar zama, ko suna tsoron wanda ake tuhuma, ko kuma sun gaji da barin aikinsu su wuni a kan benci a ɗage zama ba tare da an ce musu uffan ba. Saboda haka a 1974 hukumar tarayya da ke tallafa wa jami'an tsaro ta fara ba da kuɗi domin a buɗe sassan kula da shaidu da waɗanda aka zalunta a ofisoshin lauyoyin gwamnati, inda Brooklyn da Milwaukee ke cikin na farko. Abubuwan da waɗannan sassa suka kawo ƙanana ne a ido, kamar ɗakin jira da ba a haɗa mai shaida da dangin wanda ake tuhuma, da wasiƙa zuwa ga ubangidan mutum a wurin aiki, da kuɗin mota, da mayar wa mai kaya kayansa da aka riƙe a matsayin hujja, amma sun taɓa ainihin abin da likitan ƙwaƙwalwa Martin Symonds ya kira rauni na biyu a 1980, wato cutarwar da mutum ke sha a hannun waɗanda ya je neman taimakonsu.

Iyalan waɗanda aka kashe sun shigo daga baya da nasu ƙarfin. Robert da Charlotte Hullinger sun kafa ƙungiyar iyayen da aka kashe wa 'ya'ya a Cincinnati a 1978, Candy Lightner kuma ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye a 1980 bayan wani direba da ya sha ya kashe 'yarta. A gundumar Fresno ta Kalifoniya ne James Rowland, shugaban jami'an ɗaurin talala, ya fara a 1976 shigar da bayanin wanda aka cuta cikin rahoton da ake bai wa alƙali kafin ya yanke hukunci, domin a lokacin rahoton yana ɗauke da tarihin mai laifi tun daga ƙuruciyarsa, ba ya ɗauke da komai game da abin da laifin ya jawo wa wanda ya faɗa kansa.

Birtaniya ta bi wata hanya mai sanyi. Shirin farko ya fara a birnin Bristol a 1974, da haɗin gwiwar jami'an ɗaurin talala da 'yan sanda da wata ƙungiya da asalin aikinta kula da tsofaffin fursunoni ne, kuma tsarinsa shi ne 'yan sanda su miƙa sunayen waɗanda aka fasa wa gida, ɗan sa-kai ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya jajanta, ya taimaka a gyara makulli ko a cike takardar inshora. Irin waɗannan shirye-shirye sun haɗu a ƙungiyar ƙasa a 1979, wadda aka sani daga baya da Victim Support, kuma a ƙarƙashin Helen Reeves ta ɗauki matsayin ƙin tsoma baki a batun tsananin hukunci, abin da ya bambanta ta da takwarorinta na Amurka. Girgizar da ta sauya halin 'yan sanda ta zo ne daga talabijin, lokacin da BBC ta nuna a 1982 yadda jami'ai maza 3 na rundunar Thames Valley suka tsare wata mata da ta kawo ƙarar fyaɗe da tambayoyin ƙaryatawa har ta janye. Shekara 4 bayan haka aka buɗe cibiyar St Mary a Manchester, inda likita da mai ba da shawara da mai ɗaukar hujja ke aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma wannan samfuri ne ya bazu zuwa wasu ƙasashe har da Nijeriya.

Shekarun 1980 ne suka mai da aikin sa-kai sana'a a Amurka. Jihar Wisconsin ta yi dokar haƙƙoƙin waɗanda aka zalunta a 1980, Shugaba Reagan ya kafa kwamiti a 1982 ƙarƙashin Lois Haight Herrington wanda ya fitar da shawarwari 68, sannan dokar 1984 ta kafa asusun tarayya da ake cikawa da tarar da masu laifi ke biya, ba da harajin jama'a ba. Daga wannan asusu ne dubban ofisoshi suka samu albashin ma'aikata, kuma tare da kuɗin sai sharuɗɗa suka shigo, na horo da takardar shaida da rahoton ƙididdiga, ta yadda cibiyoyin da aka kafa domin ƙalubalantar hukuma suka wayi gari suna rubuta mata rahoto duk wata uku. Dokar yaƙi da cin zarafin mata ta 1994 ta ƙara kuɗi, ta 2004 kuma ta bai wa wanda aka zalunta a kotunan tarayya haƙƙin a sanar da shi, ya halarci zama, a saurare shi kan beli da hukunci, ya kuma tattauna da lauyan gwamnati. Abin lura a wannan jeri shi ne babu haƙƙin yanke shawara a cikinsa, domin tuhuma da janye ta da cinikin amsa laifi, wato yarjejeniyar da wanda ake tuhuma ke amsa ƙaramin laifi a sassauta masa, wadda da ita ake kammala fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da ke ƙarewa da hukunci a Amurka, duk suna hannun mai gabatar da ƙara.

A nan ne saɓanin gidajen biyu ke fitowa fili, kuma batun sirri ya fi kowane nuna shi. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 a shari'ar Brady, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma duk wata hujja da ka iya wanke shi, saboda haka abin da mace ta faɗa wa mai tallafin da ke aiki a ofishin gwamnati yana iya kaiwa ga kunnen wanda take ƙara. Ma'aikatan cibiyoyi masu zaman kansu sun yi gwagwarmaya kafin su samu kariya daga wannan. A 1980 wata kotu ta umarci Anne Pride, shugabar cibiyar agajin waɗanda aka yi wa fyaɗe ta Pittsburgh, ta miƙa bayanan wata mata ga lauyan wanda ake tuhuma, ta ƙi, aka same ta da laifin raina kotu, kuma bayan maganar ta kai kotun ƙolin jihar Pennsylvania sai majalisar jihar ta yi doka a 1981 da ta mai da irin wannan tattaunawa sirri da kotu ba ta tilasta bayyanawa. Haka lamarin yake a shari'ar dukan mata a gida. Bayan da masu taya alƙali hukunci suka bai wa Tracey Thurman diyyar dala miliyan 2.3 a 1985 saboda 'yan sandan garinsu sun yi biris da ƙararrakinta har mijinta ya kusa kashe ta, jihohi da yawa sun wajabta kama miji da ci gaba da tuhuma ko da matar ta nemi a janye. Manufar kare ta ce daga barazana, amma sakamakon shi ne mai tallafin ofishin gwamnati yakan sami kansa yana lallashin mace ta ba da shaidar da ba ta so, alhali mai tallafin cibiya yana ganin aikinsa shi ne ya mara wa zaɓinta baya ko da zaɓin bai yi masa daɗi ba.

Akwai kuma tambayar ko muryar wanda aka zalunta na iya danne haƙƙin wanda ake tuhuma, wanda har yanzu doka ke ɗauka marar laifi. Kotun Ƙolin Amurka ta hana gabatar da bayanin iyalan mamaci a shari'ar da ke iya kaiwa ga hukuncin kisa a 1987, bisa tsoron cewa ran wanda danginsa suka iya magana zai fi na maraya tsada, sannan ta warware wannan hukunci a 1991 a shari'ar Payne bayan wasu alƙalanta sun sauya. 'Yan siyasa ma sun gano cewa sunan wanda aka kashe yana saurin wucewa da dokar tsananta hukunci a majalisa. Masanin laifuka ɗan Norway Nils Christie, wanda ya yi fice da hujjarsa ta 1977 cewa lauyoyi da hukuma sun sace wa mutane rigingimunsu, ba ƙarin shekarun ɗauri yake nufi ba, yana nufin a mayar wa ɓangarorin biyu ikon zama su warware abin da ke tsakaninsu, kuma wannan ra'ayi ya ƙarfafa shirye-shiryen sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta.

Ƙasashen da suka gaji dokar Faransa, har da Nijar da Chadi, ba su taɓa korar wanda aka cuta daga shari'a gaba ɗaya ba, domin tsarinsu ya ba shi damar shiga shari'ar laifi a matsayin ɓangare mai neman diyya, da lauyansa da ikon duba fayil, har ma kotun ƙolin Faransa ta tabbatar a 1906 cewa yana iya tayar da bincike ko da mai gabatar da ƙara ya ƙi. Ta wannan ƙofa ce dubban 'yan Chadi, da jagorancin lauya Jacqueline Moudeina da tsofaffin fursunoni irin su Souleymane Guengueng, suka shiga shari'ar tsohon shugaban ƙasarsu Hissène Habré a Dakar, wadda ta ƙare da ɗaurin rai da rai a ranar 30 ga Mayu 2016. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba da umarnin biyan diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, amma har Habré ya mutu a 2021 ba a biya su daga asusun da aka ce a kafa ba. Kafin wannan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar ƙa'idojin adalci ga waɗanda aka zalunta a ranar 29 ga Nuwamba 1985, Yarjejeniyar Roma ta 1998 kuma ta ba su damar gabatar da ra'ayinsu a Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya.

Arewacin Nijeriya ya ga irin sauyin da Ingila ta yi cikin ƙarnoni, amma a cikin ƙasa da shekara 60. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan masarautu ke hukunci da shi, daga littattafai irin su Risala da Mukhtasar, kisa da rauni haƙƙin mutum ne kafin su zama haƙƙin hukuma, don haka waliyyan mamaci ne ke neman ƙisasi, wato a yi wa mai laifi kwatankwacin abin da ya yi, ko su yafe, ko su karɓi diyya, wadda aka ƙayyade da raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000. Ikon nasu ba marar iyaka ba ne, domin ko sun yafe hukuma na yi wa mai kisan bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya, kuma yafiyarsu ba ta aiki a kisan gilla, wato wanda aka yi ta hanyar yaudara. Turawan mulkin mallaka sun bar wannan tsari yana aiki tare da dokar laifuka tasu, har sai da shari'ar Tsofo Gubba ta 1947 ta fallasa karon da ke tsakaninsu, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke, bisa hujjar cewa dokar Turawa tana sassauta wa wanda aka tsokana. Kwamitin masana da Gwamnatin Arewa ta gayyato a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Muhammad Abu Rannat, shi ya share fagen kundin laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda aka gina kan na Sudan, shi kuma na Sudan kan na Indiya na 1860. Da shi ne kisan kai ya zama laifi ga hukuma, abin da ya rage wa dangi shi ne a tambayi ra'ayinsu a rubuta, domin masu duba batun afuwa su yi la'akari da shi.

Jihohi 12 da suka maido da hukuncin laifuka na Shari'a tun daga Zamfara a shekara ta 2000 sun mayar da ƙisasi da diyya cikin kundayensu, amma sun yi hakan ne a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya bai wa Antoni Janar ikon karɓe kowace shari'ar laifi ko dakatar da ita. A kotunan majistare da manyan kotuna kuwa, iyalin da ke da hali sukan ɗauki lauyan sa-ido, wanda ke zama ya bi yadda ake gudanar da shari'ar amma ba ya magana sai da izinin kotu, Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 kuma asalin aikinta kare talakan da ake tuhuma ne. Dokoki 2 da aka sa wa hannu a Mayun 2015 sun fara cike wannan giɓi, domin dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya diyya da kuma ɓoye sunan mai shaida a wasu laifuka, dokar hana cin zarafin mutane kuma ta ambaci haƙƙin samun magani da shawara da taimakon lauya, kodayake wannan ta biyun ba ta aiki a wajen Abuja sai a jihar da ta yi tata.

Aikin rakiyar kansa ya shigo Nijeriya ne ta ƙofar fyaɗe, kamar yadda ya faru a Amurka, kuma akwai dalilin da ya sa haka. Tsarin da ke bai wa dangi iko yana amfanar wanda ke da dangin da za su tsaya masa, amma yarinyar da wanda ya lalata ta ɗan gida ne, ko maƙwabci mai ƙarfi, takan ga waliyyanta ne ke kan gaba wajen neman a kashe maganar a zauren mai unguwa domin rufin asiri da tsoron kada ta rasa mijin aure. Cibiyar Mirabel da aka buɗe a asibitin koyarwa na jihar Legas a 2013 ita ce ta farko da ta bi samfurin Manchester, daga baya aka samu irinta a jihohin Arewa, ciki har da cibiyoyin Salama na Kaduna, yayin da ƙungiyoyin lauyoyi mata irin su FIDA ke bin shari'o'in a kotu. Ma'aikatan waɗannan cibiyoyi su ke tabbatar da an yi gwajin likita cikin kwanakin farko kafin hujja ta gushe, su bi fayil daga caji ofis zuwa ma'aikatar shari'a inda ake jiran shawarar daraktan gabatar da ƙara, su kuma nemo wa iyaye kuɗin mota duk ranar da aka ɗage zama. Da yawa daga cikin cibiyoyin an kafa su ne da tallafin Birtaniya da Tarayyar Turai, kuma ɗorewar albashin ma'aikatansu bayan ƙarewar wa'adin tallafin ya dogara ne da abin da gwamnatocin jihohi suka ware musu a kasafin kuɗi.